Ranar da Injin Jirgina Ya Ƙi Tashi a Bakin Mariga

Shekarun baya can, lokacin da direbobi ke fama da sabon tuƙin hannun dama, ina zaune a wani ƙauye da ke bakin kogin Mariga a ƙasar Birnin Gwari. Noma nake yi kamar kowa, amma idan damina ta yi nisa kogi ya kawo, sai in koma fito. Ina da kwalekwale babba, ina kuma da abin da babu mai shi a duk yankinmu, wato injin da ake ɗaura wa jirgi a baya. Tsoho ne tukuf, a hannun wani masunci Banufe na saye shi, shi ma ba sabo ya same shi ba. Fentinsa duk ya kankare, hayaƙinsa kuwa ya ishi korar sauron unguwa guda. Amma ku zo ku ga yadda nake tafiya a gari saboda injin nan, kai ka ce jirgin sama na mallaka.

Da rani kogin ba ya buƙatar inji, yara ma da ƙafa suke tsallakewa. Sai in kwance shi, in goge shi, in naɗe shi da tsohon bargo, in jingine shi a ɗakin matata, domin ɗakinta ne kaɗai mai rufin kwano da ƙofar kullewa. Ta sha yi mini tsiya cewa ita ba ta taɓa samun bargo daga hannuna ba, amma ƙarfe ya samu.

A wannan shekarar matata na da tsohon ciki. Kafin shi ciki biyu sun zube mata, na biyun har ya yi ƙwari, saboda haka gidanmu kowa a ɗarare yake, ba mai son ya ambaci maganar da ƙarfi. Mahaifiyata ta baro nata ɗakin ta tare a wurinta, ko tsintsiya ba ta barinta ta ɗauka. Da muka je awo Birnin Gwari, malamar asibiti ta ce yaron a gicciye yake kwance, wannan ba haihuwar gida ba ce, lallai a kai ta babban asibiti a Kaduna kafin naƙuda ta kankama. Ta ce muna da sauran lokaci zuwa tsayuwar wata. To, lissafin mutum daban, na Allah daban. Wata bai tsaya ba, aka kwana ana tafka ruwa, da gari ya waye kogi ya cika ya tumbatsa, matata kuma ta tashi da ciwon baya. Ungozoma ta shiga ta fito, ta kira ni gefe ta ce, "Ɗan nan, yau ba gobe ba. Wannan ta fi ƙarfin hannuna."

Sa'ar da muka yi, ranar kasuwar ƙauyen da ke tsallake ce, kuma ranar ce kaɗai a mako da babbar mota ke shigowa ta ɗauki masara ta fita titi. In ta tafi, sai wani makon. Daga bakin ruwanmu ana hango ta, ga tulin buhuna a gefe ana lodi. Duk wanda ya san direban ya san da zarar an ɗora buhu na ƙarshe ba ya jiran ko hakimi, domin yana tsoron ruwa ya sake sauka hanyar daji ta riƙe shi. Na roƙi masu tuƙi da filafili, dattawan cikinsu suka girgiza kai. Suka ce ruwan nan ja yake yi, a ƙasa kaɗan kuma akwai duwatsu, su kansu ba za su shiga ba balle da mai ciki. Na ce ba komai, ai ina da inji.

Na ɗauko shi a kafaɗa na ɗaura, na haɗa fetur da baƙin mai yadda aka saba, na jona tiyo. Aka shimfiɗa wa matata tabarma a gindin wata ɗorawa, mahaifiyata na riƙe da ita. Mutanen gari suka taru, na gyara tsayuwa, na yi bisimilla na ja igiya. Ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Na sake ja, ya sake tari. Na ja, na ja, na ja, har fatar hannuna ta saluɓe, rigata ta jiƙe sharkaf. Babu irin zagin da ban yi wa Banufen nan a zuciyata ba, bawan Allah yana can garinsu bai san hawa ba bai san sauka ba. Masu ba da shawara kuwa suka yi mini caa. Wannan ya ce in ɗaga shi in girgiza, wancan ya ce sanyi ya kama shi a shanya shi a rana, wani tsoho ya ce baki ne, a kawo rubutu a yayyafa masa. Wallahi a wannan halin da an kawo rubutun da na yayyafa.

Ina cikin haka sai ga abokina ya gangaro da fartanya a kafaɗa. Mutumin Gbagyi ne, Kirista, gonarsa na maƙwabtaka da tamu, tare muka yi ƙuruciya muna ɗana wa gafiya tarko. Ya yi shekaru yana bin motar katako a dajin, can ya saba da ƙarfe. Mutum ne mai sanyin jiki har ya ba ka haushi. Ko gobara ake yi, sai ya gama gaisuwa. Ranar ma bai fasa ba. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyata, ya ce wa matata, "Sannu matarmu, Allah ya raba lafiya," sannan ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Mutumina, saki igiyar nan," in ji shi. "Kai da injin duk kun gaji. Zauna ka ba ni labari, me ya yi da ka fara ja?"

"Labari?" na ce. "Kana ganin buhunan can suna ƙarewa kana cewa in ba ka labari?"

"Ina ganinsu. Shi ya sa ba na son mu ɓata ƙarfi a banza. Inji kamar mutum yake, yana son ya ci, yana son wuta a jikinsa, yana son ya yi numfashi. Ɗaya ya rasa. Bari mu tambaye shi wanne ne."

Ya fara da ci. Ya buɗe tanki ya shinshina, ya ɗiga man a tafin hannunsa ya duba ko ruwa ya shiga. Ya sassauta ɗan maɓallin da ke kan murfin tankin, ya ce wani lokacin shi kaɗai ke hana mai gangarowa. Ya cire tiyo ya busa, ya mayar, ya taɓa wani ɗan ƙarfe a jikin kafireta, wato inda mai ke haɗuwa da iska, har fetur ya tsiyayo. Ya ce, "Abinci yana isa. Har ma ka ɗura masa ya wuce ƙima." Sannan ya karɓi sifana ya kwance fulogi, ya nuna mini bakinsa jiƙe da mai, baƙi ƙirin. Ya sa aka kawo garwashi daga wurin mai ƙosai, ya gasa shi ya bushe, ya kankare shi da bakin wuƙa. Ya mayar masa da wayarsa ya ce in riƙe shi jikin ƙarfen injin mu ga ko zai ba da tartsatsi. Ni da iyayi, maimakon in kama ta wurin robar sai na damƙe ƙarfen da jiƙaƙƙen hannu. Yana jan igiya na ji kamar an maka mini taɓarya a gwiwar hannu, na yi tsalle na faɗa taɓo da zama. Duk da halin da ake ciki sai da mutane suka tuntsire, har matata na ji ta yi 'yar dariya tana cije leɓe.

"To, wuta akwai," in ji abokina, ko murmushi bai yi ba. "Kai ne shaida."

Ya mayar da fulogi ya ja sau ɗaya da kansa, kunnensa a kusa da injin. Tarin nan dai ya sake yi ya mutu. Sai ya ɗora tafin hannunsa a bakin wani ɗan bututu mai kama da mazurari da ke gaban kafireta, inda injin ke shan iska, ya ce in ja a hankali. Na ja. Ya ce, "Ba ya zuƙa. An shaƙe shi." Ya karkata kai ya leƙa cikin bututun, ya daɗe yana leƙe, sannan ya kira ni da hannu. Can ciki na ga jar ƙasa ta toshe ramin gaba ɗaya, an gina ta ɗaki-ɗaki, sumul kamar aikin maginin tukwane. Gidan zanzaro ne.

Kai, daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Na ce, "Ɗan wannan ne ya wahalar da ni?" Na zaro wata doguwar ƙusa daga jikin jirgi, na ce ya matsa in farfasa shi in busa, yanzu mu tashi. Ban kai ga sa ƙusar ba na ji muryar mahaifiyata a bayana. Ni ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye a gaban mutane ba. Ranar sai ga ta har bakin ruwa, zaninta na jan taɓo.

"Kai, kada ka taɓa shi! Don girman Allah kada ka fasa!"

Ashe ita da matata sun san da gidan zanzaron. Tun cikin bazara suka ga zanzaron yana shiga ƙarƙashin bargo da ƙasa a bakinsa. A wurin iyayenmu mata, in zanzaro ya yi gini a ɗakin mai ciki alheri ne, kuma ba a rushe masa gida sai ta sauka, wai wanda ya rushe ya taɓa cikin. Wancan cikin da ya zube, mahaifiyata ta tuna cewa an yi shafen ɗaki an kankare irin wannan gida a bango, kuma ba ta taɓa daina ɗora wa kanta laifin ba. Don haka da suka ga wannan, sai ta ɗage gefen bargon ta bar masa hanya, suka yi shiru da bakinsu, don sun san halina da injin nan. Su a tunaninsu a jikin bargon ya yi ginin, ba su san cikin maƙogwaron injin ya shiga ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Inna, camfi ne fa! Ga mota can za ta tafi, saboda ƙwaro za mu zauna?" A daidai lokacin direban ya danna hon a tsallake, na duba na ga buhunan da suka rage ba su taka kara sun karya ba. Na ɗaga ƙusar. Abokina ya riƙe mini wuyan hannu, riƙo ba na wasa ba, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Kafin ka soka, waiga ka dubi matarka."

Na waiga. Ta tashi zaune a kan tabarmar, ta daina ko nishin da take yi, hannuwanta biyu a kan cikinta, idonta a kan ƙusar da ke hannuna. Ba za ta taɓa hana ni ba a gaban surukarta da taron maza. Amma tsoron da na gani a fuskarta ban gan shi ba ko da malamar asibiti ta ambaci tiyata. Na sauke ƙusar.

Abokina ya juya wurin mahaifiyata ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Baƙonku ba za a taɓa masa gida ba. Ƙaura kawai za mu yi masa, da gidan da komai." Ya nuna mini cewa bututun nan noti biyu ne suka riƙe shi, kuma injin zai iya aiki ba tare da shi ba, sai dai ya ƙara ƙara. Matsalar ita ce notin sun yi tsatsa, tun da aka ƙera injin ban jin an taɓa kwance su. Na farkon ya ba da kai da ɗan lallashi. Na biyun ya ƙi. Ya ɗiga masa kananzir, ya jira, ya gwada, ya ƙi. Da ni ne da na samo dutse na buga, amma bugu ɗaya zai farfasa ginin da ke ciki, shi ya sa ya dinga ƙwanƙwasa gefen notin da ƙotar wuƙa a hankali kamar mai tashin jariri daga barci. Hon ya sake tashi a tsallake. Na ga an ɗora buhu na ƙarshe, yaran mota sun fara jan tamfol. Na ce masa, "Ka kashe ni, wallahi ka kashe ni." Bai ko ɗago ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, a nan na gane shi ma hankalinsa a tashe yake, ɓoyewa kawai yake yi. Ya ce, "Je ka ɗauko matarka ka sa ta a jirgi. Kafin ka zaunar da ita na gama."

Muna cikin zaunar da ita na ji ɗan ƙaran notin ya juya. Ya zare bututun da hannu biyu, ya taka cikin ruwa zuwa wurin mahaifiyata, ya miƙa mata yana ɗan rusunawa. Ya ce, "Duba da kyau, Inna, ko tsagewa bai yi ba." Ta leƙa, ta juya shi wajen haske ta sake leƙawa, sannan ta miƙa wa matata ita ma ta gani da idonta. Ta kwance gefen mayafinta ta naɗe shi. Ta ce masa, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Shi kuwa ya koma ya goge bakin kafireta da gefen rigarsa, ya yage wani ƙyalle mai shara-shara ya ɗaure a wurin saboda feshin ruwa. Ya buɗe wuta sosai ya ja sau biyu don man da na ɗura ya fita. A ja na uku injin ya yi wata irin kururuwa da ban taɓa jin ya yi ba, hayaƙi ya turnuƙe, farfela ta kama ruwa. Mata suka rangaɗa guɗa. Abokina ya ce in riƙe tuƙi tunda ni na san ruwan, shi kuma ya tsaya a goshin jirgi ya tuɓe rigarsa yana kaɗawa, yana ƙwala wa mutanen kasuwa kira da Gbagyi da Hausa. Na nufi sama da mashigin sosai don ruwan ya sauko da mu daidai. Muna tsakiyar kogi motar ta fara motsi. Amma ƙarar injin nan da aka cire wa bututu ta cika kogin, duk kasuwa ta juyo, wasu mata masu ɗauke da kaya a kafaɗa suka ajiye suka tare gaban motar. Direban ya leƙo yana masifa, da ya ga wadda ake fitowa da ita daga jirgi sai ya sauke wanda ke zaune a gaba ya ba ta wurin.

Washegari aka yi mata aiki a Kaduna, aka ciro 'ya mace. Likitan ya ce mun zo a kan gaɓa.

Bayan suna da 'yan kwanaki, muna zaune da abokina a bakin gona muna cin gasasshiyar masara, na ce masa, "Wai kai da kake zuwa coci duk Lahadi, ashe ka yarda da maganar zanzaro?" Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Ni? Ko na sisin kwabo. A ɗakina da tsintsiya nake kakkaɓe su." Na ce to me ya sa ya kusa sa mu rasa mota? Yana murza masarar ya ce, "Da na ga motar za ta kuɓuce da gaske, da ni da kaina zan karɓi ƙusar in soka. Amma na duba na ga akwai ɗan lokaci. Matar nan wuƙa za a sa mata a garin da ba ta san kowa ba. Abin da ta gani a bakin ruwa, da shi za ta shiga ɗakin. Ban so ta shiga da fasasshen gida a ranta ba."

Na yi mu'amala da masu gyara da yawa a rayuwata, wasunsu sun fi shi sanin inji nesa ba kusa ba. Amma ban sake ganin wanda yake gyaran ƙarfe idonsa na kan mutanen da ke tsaye a gefe ba. Ni da nake mijinta, ni da nake ɗanta, inji kawai nake gani da mota. Shi ya ga injin, ya ga motar, ya kuma ga mata biyu da tsoronsu, bai raina ko ɗaya ba. Har yau in na tuna riƙon da ya yi wa hannuna sai in ji ƙaunarsa ta taso mini sabuwa. Ya riga mu gidan gaskiya da daɗewa, ƙauyen namu ma yanzu ba ya shiguwa, dajin da muke ratsawa da ƙafa ba fargaba ya zama abin da ya zama.

Injin ya ƙara shekaru yana fito, kuma ban taɓa mayar masa da bututunsa ba, domin mahaifiyata ta rataye shi a ɗakin matata ta ce ba mai taɓawa. Tun daga nesa mutane ke gane jirgina da ƙararsa. Yarinyar ta girma, yau ita ma tana da jikoki.

Ban taɓa gaya wa matata abin da abokina ya faɗa mini a bakin gona ba. Ranar da aka aiko mana da rasuwarsa, sai ta ce mini, "Malam, ka san lokacin da suka kwantar da ni a gadon nan na asibiti, suka kawo abin da ake sa wa mutum a hanci? Duk addu'ar da na iya ta gudu daga kaina. Abu ɗaya na riƙe har barci ya ɗauke ni. Na ce wa kaina, ai gidan bai fashe ba."